Wajen wa za ka koyi waƙa? Fara duba yadda yake ɗaukar yara

Kafin ka cire ko sisi ka lura da yadda malamin yake zaɓen waɗanda zai koyar, don a nan za ka gane abin da zai ba ka.

Makaɗin gargajiya, irin masu kalangu ko kotso, ba ruwansa da kuɗinka, hasali ma ba zai buɗe baki ya ce ya ɗauke ka ba. Yawanci abin gado ne, ɗa ko ƙane, in kuma bare ne kai sai wani ya kawo ka ya tsaya maka. Za ka yi ta ɗaukar kayan kiɗa kana bin su gidan biki da ƙofar fada, can wata rana a tura ka cikin 'yan amshi daga gefe, shi kuma yana waƙarsa amma kunnensa ɗaya na wajenka, ya dire ya ji ko za ka cafe amshin a kan gaɓa ko sai kiɗa ya wuce ka, ya jefo sabon abu da ba ku taɓa ji ba ya ga ko ka riƙe. Zaƙin murya ba shi ne a gaba ba, yana neman mai hadda, mai numfashin da zai kai asuba, wanda in an zo rabon kuɗin liƙi aka miƙo masa kaɗan ba zai kumbura baki ba. Tsadarsa shekaru ne, kuma ko ka iya ba ka isa ka yi jagora ba sai ya sallame ka. Ni dai a gurina nan ne koyon gaske, in kana da haƙurin.

Situdiyo kuwa, irin na Zoo Road a Kano, kala biyu ne. Akwai furodusan da zai kashe kiɗan gaba ɗaya ya ce rera min baiti biyu haka nan da bakinka, ya taɓa fiyano ya ce kamo wannan sautin, in ka kauce ya gaya maka gaskiya. Akwai kuma wanda kana shigowa zai ce kai ai tauraro ne, kawo kuɗin buga kiɗa, sauran na'ura za ta gyara. Shi wannan, lokacin situdiyo yake sayar maka, ranar da aka ba ka makirfo a taro asiri zai tonu.

Sha'irai masu bege da mandiri sun fi duba ladabi da lafazi, ko kana fitar da kalmomin Larabci daidai, ko kana zuwa majalisi, kuɗi kusan babu.

Makarantun kiɗa ma suna nan, MUSON a Legas sai ka ci gwajin shiga, a Yamai kuma akwai cibiyar Elhaji Taya. A irin MUSON za ka koyi karatun nota, wato alamomin da ake rubuta kiɗa da su, da sarrafa numfashi, amma fa kar ka sa ran a koya maka amsa-amo ko yadda za ka ja wasali ba ka karya kalmar Hausa ba.

In situdiyo ka zaɓa, tun kafin a danna rikodin ku yi magana a kan wa ke da waƙar in ta fita, a rubuta da shaida, 'yan mata kuma ku je da yaya ko wata babba, musamman zuwan farko.