A Ingila har madubin kallon taurari ake ba da aro

Jama'a, kun sha tambayata abin da ya fi ba ni mamaki a Ingila. To, ba jirgin ƙasa ba ne, ba kuma asibiti ba. Wata ƙungiyar masu sha'awar taurari ce a nan kusa da Newcastle, yawancinsu tsofaffin da suka yi ritaya. Na je taronsu don kallo kawai, na yi 'yan tambayoyi, sai wani dattijo ya buɗe kabad ya ɗauko wata jaka ya miƙo min. Madubin hangen nesa ne a ciki, na ɗaruruwan fam. Ya ce in rubuta sunana da lambar wayata a wani littafi, in dawo da shi bayan wata guda. Shi ke nan. Babu jingina, babu mai tsaya min, bai ma nemi ganin fasfona ba. Na tsaya ina jiran ragowar sharuɗɗan, shi kuwa har ya koma kan shayinsa.

Wallahi kunya ce ta fara kama ni, domin na san abin da ya zo min a rai: a gida wa zai yi wannan? Mu da ake aron tsani a unguwa sai an yi shekara ana aike. In an dawo da kaya a karye a ce "haka na same shi", in ka matsa a ce ba ka da kara. Ba rashin amana ne kaɗai ba, rashin rubutawa ne. Su littafin nan shi ne ƙarfinsu: kowa ya san ranar karɓa da ranar mayarwa, kuma kowa na jin nauyin sunansa da ke ciki.

Madubin kansa ƙirar Sky-Watcher ne, irin wanda ke tara haske da gilashi a bakinsa, ba mai madubi a gindi ba. Faɗin gilashin milimita 72, nauyinsa wajen kilo biyu, tsawonsa bai fi na taɓarya ƙarama ba, yana shiga jakar goyo. Amfanin irinsa shi ne ba ya son gyare-gyare: ka ɗora shi a kan mariƙinsa mai ƙafa uku, ka saita, ka leƙa. Da shi na ga ramukan da ke jikin wata ɓaro-ɓaro, na ga zoben duniyar Zuhal (Saturn) ɗan ƙarami amma a fili, na ga watanni huɗu na duniyar Mushtari (Jupiter) a jere, waɗanda masanin taurarin nan ɗan Italiya, Galileo, ya fara gani a 1610 da madubi mai gilashi wanda bai kama ƙafar wannan ba. Kaza da 'ya'yanta kuwa, da ido muke ƙirga shida ko bakwai, a ciki sai ga su gommai.

Masu ɗaukar hoto suna cire abin leƙawar su maƙala kyamara. Da yake duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, tauraro ba ya tsayawa a hoto, sai ya ja layi. Don haka akwai wani ɗan inji mai batir da ke juya madubin a hankali yana bin sama. Su ɗauki hotuna masu yawa, su haɗa su a kwamfuta su zama ɗaya.

Amma fa ga inda Allah ya raba arziki. Suna da kaya, ba su da sama. Gajimare ne dare da rana. Ranar da gari ya washe kuma, sanyi ya hana yatsu motsi, raɓa ta lulluɓe gilashin, har sai ka ɗaura masa wani ƙyalle mai ɗumi da shi ma batir yake ci. Fitilun titi sun mayar da sama ruwan goro. A watan Yuni, a arewacin nan, dare ba ya yin duhu sosai ma gaba ɗaya. Duhu ya zama abin nema: mutane na tuƙa mota fiye da awa guda zuwa dajin Kielder, inda aka buɗe gidan kallon taurari a 2008, su sayi tikiti, sau da yawa kuma su dawo ba su ga komai ba sai hadari.

Nan ne kewar gida ke taso min. Duhun da suke biya wa kuɗi, shi ne a tsakar gidanmu a ƙauye duk daren da babu farin wata, muddin ba hazo. A birni ma, da an ɗauke wuta an ba ka shi kyauta. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu (ikwaita), Newcastle tana kan 55, shi ya sa akwai taurarin kudu, irin su Suhailu, da muke gani su kuwa har abada ba sa leƙo musu. Jinjirin wata ma ya fi miƙewa sama a wajenmu bayan faɗuwar rana, a nan yakan kwanta ƙasa-ƙasa a bayan gidaje. Duk da haka duk shekara a bakin azumi da salla mu cika Facebook da gardamar an gani ba a gani ba, kuma cikin masu gardamar da wuya ka sami wanda ya fita fili ya duba yamma. Makarantun sakandare nawa ne ke koyar da duniyoyi a allo, ɗalibi ya gama bai taɓa leƙa ko ɗaya ba? Kuɗin ankon biki guda ya isa ya saya wa makaranta wannan madubin.

Ga masu cewa in sayo musu: ku guji na roba da ake rubuta wa "yana ƙara girma sau 600" a kwali. Iyakar da madubi ke bayarwa da kyau ita ce wajen ninki biyu na faɗin gilashinsa a milimita, wato mai 72 bai wuce sau 140 da 'yan kai ba. Mariƙi mai ƙarfi ya fi wannan lissafin muhimmanci, don in yana rawa ba abin da za ka gani. Kuma wanda zai nemi jinjirin wata da shi, ya jira rana ta faɗi tukuna, domin leƙa rana ta cikinsa na daƙiƙa ɗaya yana iya ƙone ido.