Labarin Ɗan Takara da Soyayyar da Ya Ɓoye

Wani sabon ƙagaggen labari da ake sayarwa a shagunan littattafai na Samaru, daura da Jami'ar Ahmadu Bello, ya cancanci kuɗinsa. Marubucin ya yi wa 'yan siyasa zambo cikin natsuwa, musamman inda ɗan takara yake rabon atamfa da taliya yana cika baki, alhali ya kasa furta wa bazawarar da ya daɗe yana so ko kalma ɗaya, saboda tsoron ubangidansa na jam'iyya. Nan ne alƙalaminsa ya fi kaifi. Bugun kam da sauran gyara, domin takardar ba ta da kauri, kuma an yi sakaci da haruffa masu lanƙwasa, abin takaici a garin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939.