KNUST a idon ɗan Kano mai biya da dala

Masu tambayata ko su turo ƙannensu karatu Kumasi sun yi yawa, to bari in amsa gaba ɗaya. Ina shekarar ƙarshe a injiniyarin a KNUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi a Gana, kuma in aka ce in ba wa wannan zaɓi maki bakwai cikin goma zan bayar. Makarantar kanta ta wuce haka, ukun da na cire na aljihu ne, don wallahi abin da ke rubuce a takardar kuɗin makaranta ba shi kaɗai za ka kashe ba.

Yajin aikin ASUU na 2022 ne ya koro ni, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur muna gida muna cin tuwo da kallon ƙwallo. Alhaji, mahaifina, ya ce ya gaji, a nemo wani wajen. Ingila tun a lissafin farko ta fita, kuɗin makaranta da fam, ga biza, ga kuɗin asibiti da ake biya tun kafin ka taka jirgi, ga kuɗin da za ka nuna a banki. Gana kuwa sakamakon WAEC ɗinka suna karɓa tunda jarrabawar ɗaya ce, da turanci ake karatu, kuma ko a mota ka iya zuwa ta Legas, Kwatano, Lome, ka shigo ta Aflao. Nan ma malamai suna yajin aiki fa, kar a ce ban faɗa ba, UTAG, ƙungiyar malaman jami'o'insu, sun tafi a farkon 2022, sun sake tafiya a Oktoban 2024 kan maganar galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, sai dai nasu na makonni ne, ba ya cinye maka shekara.

To dala. Ɗalibin waje da dala ake yanka masa kuɗi, kuma na injiniyarin da likitanci da harhaɗa magunguna ya fi na sauran kwasa-kwasan nesa ba kusa ba. Lokacin da na shigo dalar hukuma ba ta kai naira 500 ba, da Form A ake turowa, wato fom ɗin banki na sayen dalar makaranta a farashin hukuma, abin da ɗan sauƙi. A watan Yunin 2023 aka saki naira, kafin mu farga a farkon 2024 dala ta haura 1,500. Makaranta ba ta ƙara min ko kwabo ba amma a naira kuɗin ya ninka wajen sau uku, Alhaji sai da ya sayar da fili, har yau in muna waya ya ce "injiniya, yaushe za a dawo min da filina" yana dariya, ni kuwa ba na jin dariyar. Sai kuma 2025 sidi, kuɗin Gana, ta yi ƙarfi, daga sama da 15 a dala ta sauko kusan 10, 'yan Gana suna murna mu kuma kuɗin cefanen da ake turo mana ya ƙanƙance a hannu. Ta ko'ina dai kai baƙo ne ke shan dukan canji.

Ga ƙananan da ba wanda ke faɗa maka. Ɗan ECOWAS kwana 90 yake da su ba biza, bayan nan sai takardar izinin zama daga Immigireshan, kuma sai ka yi katin Ghana Card na baƙi, dala 120 na biya a farko, sabuntawa kuma duk shekara ce, a lokacin dala 60. Masauki kuwa shi ne babban rami. Ɗakunan cikin makaranta irin su Unity da Republic da Independence ba sa isa, yawanci 'yan ajin farko ake ba wa, daga nan sai ka fita Ayeduase ko Kotei ko Bomso, kuɗin shekara guda a dunƙule, mutum huɗu a ɗaki da sauƙi, mutum biyu tsada, kai kaɗai kuwa sai ɗan wane. Wani mai hostal da na zauna wajensa duk shekara sai ya ƙara, famfo ya lalace ka kira shi ya ce gobe, goben nan har na tashi ba ta zo ba. Kuma kar ka zo da tunanin za ka buɗe ɗan shago ka riƙe kanka, izinin zaman ɗalibi ba izinin aiki ba ne, dokarsu ma ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a unguwar Suame da ke Kumasi.

Me na samu da kuɗin nan? Makaranta ce tsohuwa, tun 1952 tana kwalejin fasaha, 1961 ta zama jami'a, kuma a injiniyarin sunanta ba ya buƙatar dogon bayani a Afirka ta Yamma. Muna shiga ɗakin gwaji mu taɓa na'ura da hannu, ko da yake a ajin farko cunkoso ne, in ba ka sammako ba daga bayan aji za ka tsinci lakca. Makinsu CWA ne, wato matsakaicin makinka na duk samistoci cikin ɗari, sai ka riƙe 70 kafin ka ce kana layin digiri mai daraja ta ɗaya, kuma kowace samista tana haɗuwa da makin na baya, ba a gyara shi a shekarar ƙarshe. Babban abin dai shekara huɗu aka ce, a ta huɗun nake. Satifiket ɗin kuma in ka koma gida za ka kai Ma'aikatar Ilimi a Abuja a tantance ka tafi NYSC. Waɗanda suka bi araha zuwa Kwatano sun ga yadda aka dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024, har masu karatun gaske abin ya shafa.

Abin da ban saka a lissafi ba ya kuma rage min kashe kuɗi shi ne Zango. Daga Tech Junction, mahaɗar bakin makaranta, ka tsallaka Ayigya ka ji Hausa ta ko'ina, Aboabo da Asawase ma haka, masallaci ba ka nema, nama ba ka tambayar wa ya yanka. Akwai wata Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake irin na Gana, da nake zuwa wajenta, tana hango ni za ta fara shimfiɗa ganye tana cewa "ɗan Kano, yau ƙwai ko wagashi?" In na ce Hajiya yau MoMo, asusun kuɗi na waya, ba komai, sai ta ƙara taliya da shito, soyayyen yajinsu, ta ce je ka, in Baba ya turo ka kawo. Azumi ma ban taɓa shan ruwa ni kaɗai ba.

In kwas ɗin na ɗakin gwaji ne, kuma mai biya yana da hanyar dala ko zai iya jure canji ya ninka, ku zo. In kuwa irin kasuwanci ne ko kimiyyar siyasa, gaskiya ni ban ga abin da za a biya dala a kansa ba, BUK ko ABU sun wadatar, a ajiye kuɗin don digiri na biyu. Sannan a yi hattara da ejan. Wani ya kawo wa Alhaji takarda mai sheƙi ta wata "jami'a" a Accra, rabin kuɗi, ba jiran komai, kawuna da ke unguwar Nima a can ya je dubawa ya tarar da bene ne a saman shagunan taya. Fom ɗin KNUST da kanka za ka cike a intanet, in kuma jami'a mai zaman kanta kake so, fara duba sunanta da na kwas ɗin a jerin GTEC, hukumar kula da manyan makarantun Gana, kafin ka tura wa kowa ko sisi.