Na sayar da Lexus LS 460 na sayi Mustang, wata bakwai ke nan

Shekara shida ina hawa LS 460 ƙirar 2008, kuma ba don mai ba da har yau tana hannuna. Injin V8 ne mai lita 4.6, tun da aka cire tallafi a 2023 duk ranar da na shiga gidan mai sai gabana ya faɗi. Shi ya sa da dillalina ya kira ya ce ga Mustang EcoBoost ta 2018, silinda huɗu da turbo, lita 2.3, ban shawarci kowa ba.

Makon farko kam na ji daɗinta. Ranar wata Lahadi da sassafe na hau titin Zariya har Kura, ina taɓa totur tana amsawa, sitiyarin kamar ya san abin da ke raina. A takarda Lexus ta fi ta ƙarfi, doki 380 ne da 310, amma nauyinta ba ya barin ka ji hakan. Man ma ya ragu sosai, in dai ba ka matsa mata ba. A lokacin na ce na yi dabara.

Sai cikin watan Agusta aka yi bikin 'yar ƙanwar Umma a Mandawari. Na zo ɗaukarsu ana yayyafi. Ƙofa biyu gare ta, sai an kwantar da kujerar gaba kafin a shiga baya. Maiɗakina da Gwaggo suka ƙudundune a can, rufin motar na danne musu ɗaurin kai. Umma kuwa ciwon gwiwa take fama da shi, ga kujerar can ƙasa kamar tabarma. Ta daɗe tsaye tana kallonta, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba ta mai iyali ba ce." Da ƙyar na zaunar da ita.

Muna shiga lungu ruwa ya rufe wani rami, sai ji na yi ƙarar ƙasan mota, leɓen bamfar gaba ya tsage. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. A ƙofar gidan biki, mata cike, sai da ni da ƙanina muka kama Umma hannu bibbiyu muka ɗago ta, tana cije baki don kada a ga zafin da take ji. Da aka tashi ta ce in bar shi, ta hau adaidaita sahu ta koma gida. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Matar da a bayan Lexus har gyangyaɗi take yi kafin mu kai Kabuga, esi na kaɗa ta, ko ƙarar inji ba ta ji.

Bamfar kuma na zagaye kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ban samu ba, sai daga Legas aka turo bayan sati uku.

Ba wai tsohuwar motar ba ta ba ni wahala ba. Mota ce da ta haura shekara 15, na canza kayan ƙafa sau biyu, kuma kayanta ba su da arha ko kaɗan. Idan na tuna kuɗin da na zuba a gareji sai in ji ban yi kuskure ba. Amma makanikena ya san ta ciki da bai tunda gidan Toyota ce, ita kuwa wannan sai ya tsaya duba waya kafin ya kwance ko noti ɗaya.

Na kira wanda ya sayi Lexus ɗin na ce zan ƙara masa a kan abin da ya biya, ya ce ba ta sayarwa ba ce. Yanzu Mustang ofis kawai nake zuwa da ita, ranar da Umma za ta ga likita kuwa motar ƙanina nake ara.