Tarkon ƙamshi na sharon a gonar tumatir: inda ya yi amfani da inda ya gaza

Tun 2016 da sharon, ƙwaron da tsutsarsa ke cin tumatir, ya cinye tumatir a Kadawa ta jihar Kano, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, manoman rani suka koyi cewa feshi kaɗai ba ya kashe shi, domin tsutsar tana shigewa cikin ganye ta ci daga ciki, inda magani ba ya isa. Wannan tarko da muka gwada ba ruwansa da tsutsar. Ubanta yake kamawa, ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi mai launin toka da ke tashi da dare.

Kayan ba su da yawa: wata 'yar roba kamar murfin kwalbar allura, an jiƙa ta da ƙamshin da macen ke fitarwa don kiran namiji, sai baho mai faɗi. A cika bahon da ruwa, a zuba ɗan man gyaɗa ko sabulu marar turare, a rataye robar da waya a tsakiya, kusa da ruwan amma kada ta taɓa shi. Namiji ya biyo ƙamshi, ya faɗa, man ya riƙe fikafikansa. A ɗora bahon a kan bulo, tsayin kamar santimita 30, domin ƙwaron ƙasa-ƙasa yake tashi.

Wajen sanar da manomi cewa sharon ya iso, tarkon ya cika alkawari. Uku ko huɗu a hekta sun isa, a kafa su tun a wurin renon iri kafin dashe. Idan kamun mako a kowane tarko bai wuce 3 ba, da sauƙi. Idan ya haura 30, a duba ganye a fara feshi, a kuma riƙa sauya nau'in magani.

Wajen rage yawansa kuwa, sai an kai tarko 30 zuwa 40 a hekta, tazarar kusan mita 16 zuwa 18, kuma ko a haka ba ya raba gona da shi. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 200, ga waɗanda suka riga suka haɗu da namiji a gonar maƙwabci suna shigowa abinsu. Duk mai sayarwar da ya ce maka ka jingine injin feshi, kasuwarsa yake yi.

Yawancin matsalar daga kulawa take. An rubuta robar tana kai mako 4 zuwa 6, amma a zafin Maris a sauya ta a mako 4. Ruwa yana ƙafewa cikin kwana biyu ko uku, ƙurar hunturu kuma tana rufe man, don haka a riƙa kwashe matattu ana ƙara ruwa. Kada a taɓa robar da hannu, a ɗauke ta da leda. Wadda ta kwana a shago cikin rana ƙamshinta ya tafi tun kafin a buɗe, saboda haka a nemi wadda aka ajiye a firji cikin rufaffiyar takardarta.