Na gwada jamovi wajen lissafin risaci ɗina na M.Ed, ga yadda na same shi

Duk wanda ya yi digiri na biyu a ɓangaren ilimi ko saikoloji ya san inda ake maƙalewa, ka gama rubuta babi na ɗaya zuwa na uku lafiya lau, ka tsara kweshiniya, sai sufabaiza ya kalle ka ya ce to ina reliability ɗin? Wato lissafin da ke nuna ko za a iya dogaro da kweshiniyar taka. Nan ne yawancinmu muke kwasar takardu mu nufi shagunan bakin get ɗin makaranta. Ni ma na je. Wani bawan Allah ya karɓi kuɗina da kweshiniya 40 da na raba a gwajin farko, washegari ya miƙo min takarda ɗaya an rubuta 0.85 a matsayin reliability ɗin, na ce ina fayil ɗin datar da ka shigar, ya fara kame-kame wai kwamfutar ta samu matsala. Wallahi abin ya dame ni sosai, don ma'aunin fargabar jarrabawa nake haɗawa na 'yan SS2, yaran mutane ne zan yi magana a kansu.

Wata 'yar ajinmu ce ta ce in sauke jamovi, wani shirin kwamfuta na lissafin datar risaci. Kyauta ne gaba ɗaya, ba lasisi ba batun kirak, kuma a kan R, wani yaren kod na lissafi, aka gina shi amma ba sai ka iya rubuta kod ba, danne-danne ne kawai kamar SPSS, shirin lissafin da aka saba amfani da shi. Ita SPSS tun 1968 take, IBM ta saye ta a 2009, kowa ya santa kuma tana aiki, sai dai kuɗin lasisinta ba na ɗalibi ba ne. Shi jamovi yana buɗe fayil ɗin SPSS da na Excel kai tsaye, in ka sa shi a laftof ba ya buƙatar intanet.

Abin da ya sa na yarda da shi shi ne wannan. Na zauna da kaina na shigar da amsoshin, tambaya 20, ma'aunin Likert mai mataki 4, wato daga "na yarda sosai" zuwa "ban yarda ba sam", irin wanda aka saba a sassanmu. Na shiga Factor na danna Reliability Analysis, alfa ta Cronbach, wato makin reliability ɗin, ta fito ƙasa da 0.6, gabana ya faɗi. Da na kunna item-rest correlation, mai nuna yadda kowace tambaya ke tafiya da sauran, sai ga tambayoyi uku da alamar debewa a gabansu, shirin ma da kansa ya rubuta a ƙasan tebur cewa mai yiwuwa suna buƙatar a juya su. Na koma na duba, ashe su ne irin "ina samun natsuwa ranar jarrabawa", yaron da ya fi kowa fargaba ai shi zai ce bai yarda ba, dole a juya makin 4 ya koma 1. Akwai akwatin Reverse Scaled Items, na ja su ciki, nan take alfar ta haura 0.8 ina kallo, don teburin yana canjawa ne da kansa ba sai ka sake gudanar da komai ba.

A nan na fahimci me Lee Cronbach yake nufi da alfar nan da ya fitar a 1951, tana duba ko tambayoyin suna tafiya tare ne. Ba ta ce maka abin da kake son aunawa kake aunawa ba, wannan maganar validity ce daban. Kuma in ka tara tambayoyi da yawa ko ka yi ta maimaita magana ɗaya alfa za ta hau, don haka 0.70 ɗin da muke haddacewa a matsayin mafi ƙarancin alfar da ake karɓa ba shi ne ƙarshen zance ba. jamovi yana ba da omega ta McDonald, wani ma'aunin reliability ɗin, a wuri ɗaya, da factor analysis, da t-test da ANOVA da korileshan, teburan kuma a tsarin APA suke fitowa sai kwafi zuwa Word. Masu son Rasch da IRT, wato hanyoyin nazarin tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, akwai ƙarin da ake saukewa daga laburarensa mai suna snowIRT, ban yi nisa da shi ba tukuna.

Inda za a yi shiri, fayil ɗin saukewa yana da nauyi, a nemi wayfai ko datar dare, kuma sai kwamfuta mai 64-bit. Sannan wasu malaman idonsu ya saba da teburin SPSS, gara ka faɗa wa sufabaizanka tun wuri. Nawa da na kai masa laftof ɗin na nuna masa tambayoyin nan uku kafin juyawa da bayan juyawa, sai ya ce in ƙara sakin layi a babi na uku in bayyana yadda na yi, ya kuma ce in sa masa shirin a tasa kwamfutar kafin in tafi.