Famfon tsakar gida: da me za a tokare shi?

Famfon da ke tsaye a tsakar gida yana shan wuya a hannun mutanen gida. Wannan ta rataya masa bokiti cike da ruwa, yaro ya yi lilo da shi, wani ya fizgi tiyo zai wanke babur. Namu ragon layya ne ya gama da shi. Ƙanena ya ɗaura igiya a jikin bututun, ragon ya yi fizga ɗaya, gwiwar bututun da ke ƙasa ta tsage, kafin a je a rufe tanki tsakar gidan ta zama tafki. Mai gyaran da ya zo ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ai bututu aikinsa ɗaukar ruwa ne, ku kun mai da shi turke."

Saboda haka kafin ka nufi kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano ko shagon kayan famfo na unguwarku, fara yanke shawarar abin da zai riƙe bututun.

Idan akwai bango kusa, magana ta ƙare. A kai layin gindinsa, a haura da shi, a kama da maɗauri uku ko huɗu, ɗaya dab da kan famfon. Shi ne mafi arha. Sai dai a nemi maɗaurin ƙarfe mai noti biyu, don na roba mai ƙusa ɗaya ba ya daɗewa a jikin bulon da aka yi wa rowar siminti.

Turken katako kuwa ban ba ka shawara ba. Ga damshi kullum, ga gara.

Inda ake kai ruwa rana shi ne tsakanin turken ƙarfe da ginshiƙin bulo. Turken ƙarfe, ko mai kusurwa ko bututu mai kauri, mai walda zai yanka maka shi. A haƙa rami kamar ƙafa biyu, a zuba kankare: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Ba ya cin wuri, kuma bututun yana fili, in ya fara yoyo ana gani. Cikasinsa tsatsa ce daidai inda ya haɗu da ƙasa, don haka a shafa masa jan fenti kafin a kafa, a kuma tudunta kankaren yadda ruwa ba zai kwanta a gindinsa ba. Ginshiƙin bulo ya fi kuɗi, tunda sai an kira birkila, amma a gida mai yara da dabbobi shi zan zaɓa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a binne bututun tsundum cikin siminti. Ranar da ya fashe sai an rushe ginin. A zura shi ta cikin wani bututu mai faɗi, kamar na inci 2, yadda za a iya zaro shi. A riƙa yayyafa wa ginin ruwa har mako guda kafin a bar yara su kusance shi.

Shi kansa bututun, farin roba na PVC ya fi arha amma rana tana busar da shi har ya riƙa tsagewa kamar ƙwarya, gara ya zauna a ƙarƙashin ƙasa. Koren nan na PPR ya fi juriya, sai dai da injin zafi ake haɗa shi, kenan sai da wuta ko janareta, shi ma kuma ba ya son rana. Ɓangaren da ya fito sama, na ƙarfe ya fi. Rabin inci ya ishi famfo ɗaya.

Kan famfo ka ɗauka ka ji nauyinsa a hannu, don akwai mara nauyi da aka yi wa ruwan tagulla kawai. In famfon na kusa da ƙofar gida, akwai mai wurin saƙala kwado. Ka ƙara da makullin tsayar da ruwa guda ɗaya a kan layin kafin ya iso turken, a cikin ɗan akwatin bulo mai murfi, sannan ka auna tsayin da jarka mai lita 25 za ta shiga ƙarƙashinsa a tsaye.